Awon Sankarar Mama Bayan Shekara 40: Duk Shekara, Bayan Shekara Biyu, Ko Duban Hannu Ya Wadatar?

Mace ta kai shekara 40 ko ta ɗan haura, ta ji ana ta kira a rediyo a je a yi awon mama. Likitan da aka gayyato shirin ya ce duk shekara. Malamar asibitin garinsu ta ce bayan shekara biyu ma ya isa. Wata 'yar'uwa da ke aure a birni ta ce ai duba kanki kawai za ki riƙa yi a ɗaki. Ga mai zaune a Gwaram, ko Doguwa, ko wani ƙauye bayan Maigatari, wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne, domin kowace amsa da kuɗinta, da tafiyarta, da neman wanda za a bar wa gida da yara. Manyan hukumomin lafiya na duniya su ma ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.

Duk abin da zan faɗa a kan tazara, na macen da ba ta jin komai ne a jikinta. Wadda ta riga ta taɓa ƙullutu a nono, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi bajewa, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi ƙananan ramuka irin na ɓawon lemo, ko gyambo ya fito ya ƙi warkewa, wannan ba ta cikin lissafin shekara ɗaya ko biyu. A makon nan ya kamata a duba ta. Rashin ciwo kuma ba hujja ba ne, don ƙullutun sankara a farkonsa sau da yawa ba ya zafi ko kaɗan.

Abin da ya sa na damu da batun shi ne alƙaluman ƙasarmu. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu. Mafi yawan masu zuwa asibiti a ƙasar nan sai cutar ta yi nisa, ta kai mataki na 3 ko na 4, suke isowa, kuma da yawansu ba su cika shekara 50 ba.

Da me za a auna hanyoyin awon?

Na farko, ko an tabbatar hanyar tana rage mutuwa, domin gano ƙullutu daban, ceton rai daban. Sai kuɗi, kuma ba kuɗin awon kaɗai ba: motar zuwa da dawowa ta mutum biyu, kati, abinci, wataƙila kwana, da komawa karɓar sakamako. Sai ɗorewa, wato ko za ki iya riƙe tsarin tsawon shekara 25 ko 30, ba sau ɗaya a yi marmari a bari ba. Sai sauƙi. Na ƙarshe haɗari, wanda ya kasu uku: a kira ki a tayar miki da hankali a ƙarshe ba a tarar da komai ba, ko cutar tana nan awon bai gan ta ba, ko a gano wata 'yar ƙaramar sankara mai nawar girma a yi miki tiyata alhali da an bar ta ba za ta taɓa cutar da ke ba.

A ganina, ga matar karkara, kuɗi da ɗorewa su ne ke juya sauran. Awo ba magani ba ne, mataki ne na farko. Idan hoto ya nuna wani abu, akwai sikanin, akwai ɗibar ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji, akwai komawa wajen likita. Gidan da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan hoton duk shekara har ya kasa mataki na biyu, kamar manomi ne da ya kashe jarinsa duka a huɗa, damina ta kankama babu kuɗin taki.

Hoton mamogiram duk shekara

Mamogiram hoto ne irin na ƙashi, amma da na'urar da aka ƙera don nono. Za ki tsaya, a ɗora nonon a kan faranti, wani faranti ya sauko ya matse shi na 'yan daƙiƙu. Hoto biyu ake ɗauka a kowane ɓangare, huɗu ke nan, kuma duka aikin bai fi minti 20 ba. Matsewar tana da zafi ga wasu, shi ya sa ya fi kyau a je a makon da ke bin ɗaukewar al'ada, lokacin da nono bai cika tsami ba. Ranar kada ki shafa hoda, ko humra, ko mai a ƙirji da hammata, domin suna iya fitowa a hoton kamar ɗige-ɗigen cuta. Fifikon wannan na'ura shi ne tana iya ganin sankara tun hannu bai iya jin ta ba.

Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka tana kan cewa a fara a shekara 40 a riƙa yi duk shekara. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka, a shawararta ta 2015, ta ce duk shekara daga 45 zuwa 54, daga 55 kuma a iya komawa bayan shekara biyu. Hujjarsu mai ƙarfi ce: sankara a jikin macen da ba ta daina al'ada ba ta fi saurin girma, don haka doguwar tazara na iya ba ta sarari.

Wajen ceton rai wannan tsari ne a gaba, amma da ɗan rata. Wajen kuɗi shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba. Na'urar ba ta ƙananan asibitoci ba ce. Sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu cibiyoyin hoto masu zaman kansu a birni. Daga Haɗeja ko Tudun Wada wuni guda ne a ƙalla, kuma sau da yawa sai an sake komawa. Haɗarinsa ma ya fi yawa. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa cikin matan da suka fara a shekara 40 suka yi shekara 10 suna hoton duk shekara, kimanin kashi 61 cikin 100 an taɓa kiransu su dawo a sake dubawa aka tarar babu sankara. A can wannan kira damuwar 'yan kwanaki ce. A nan kuwa wata tafiya ce, wani kuɗi, ga zullumin da gida gaba ɗaya zai shiga.

Tsoron hasken na'urar kuwa, wanda nake yawan ji a bakin mata, bai kai yadda ake zato ba. Abin da jiki ke sha a awo ɗaya na hotuna huɗun nan daidai yake da abin da yake sha daga ƙasa da sararin sama cikin mako 7 ko kusa da haka.

Hoton mamogiram bayan shekara biyu

Na'ura ɗaya, aiki ɗaya, tazara ce ta bambanta. A 2024 kwamitin ƙwararru da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya tsaya a kan cewa mata daga shekara 40 zuwa 74 su riƙa yi bayan shekara biyu. A da daga 50 yake cewa a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma shekara biyu ta ce, ga mata 50 zuwa 69, a ƙasashen da tsarin lafiyarsu zai iya ɗauka. Birtaniya ma ta fi haka sassauci, bayan shekara uku take gayyatar mata daga 50 har su kai 71. Kwamitin da ya bi diddigin shirin Birtaniya a 2012 ya ce awon na rage mutuwa daga sankarar mama da kimanin kashi 20 cikin 100, amma a kan kowane rai ɗaya da aka ceto, mata kusan 3 ne ake yi wa maganin cutar da ba za ta dame su ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ya dace mace ta san su kafin ta yanke.

Lissafin da masana suka yi a 2009 ya nuna cewa tazarar shekara biyu tana riƙe kimanin kashi 80 cikin 100 na amfanin hoton duk shekara, kiran banza kuma ya ragu kusan rabi. A binciken 2011 ɗin nan, kashi 42 ne aka kira ba dalili maimakon 61. Rabin kuɗi, rabin tafiya, mafi yawan amfani. Shi ya sa nake ganin wannan ne tsarin da gidan manomi ko 'yar ƙaramar sana'a zai iya riƙewa ba tare da ya karye ba, musamman idan aka ware masa zubin adashi.

Rauninsa a fili yake: sankara mai saurin girma na iya tasowa tsakanin hoto da hoto. Wannan ya shafe mu, domin irin sankarar da ba ta jin maganin da ke toshe sinadaran mata ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma, ga ta kuma da saurin yaɗuwa. Bayan haka, naman nonon mace mai shekara 40 da ɗoriya a cure yake, hoto ba ya ratsa shi sosai kamar na dattijuwa. Saboda haka kada sakamako mai kyau ya sa a saki jiki. Shekarar da ba a yi hoto ba, a yi duban hannu, kuma duk canjin da aka ji a kai shi asibiti ko da hoton bara ya fito lafiya.

Duban hannu wajen ma'aikaciyar lafiya

A nan nake so a fi tsayawa, domin shi ne abin da yake kusa da mafi yawanmu, kuma shi aka fi rainawa. Ma'aikaciyar da aka koya wa aikin za ta sa ki zauna ta dubi ƙirjin, ki ɗaga hannu sama, ki riƙe ƙugu, sannan ki kwanta ta bi nonon da tafin yatsunta ɗaki-ɗaki har hammata da saman ƙashin wuya. Dubawa ta gaskiya tana cin mintuna. Wadda aka yi a tsaye ta saman riga ba dubawa ba ce, kuma kina da damar cewa a yi miki yadda ya dace, a kuma ba ki mace.

Hujjar wannan hanya daga Indiya ta fito. Asibitin kansa na Tata da ke Mumbai ya fara wani bincike a 1998 da mata 151,538 masu shekara 35 zuwa 64 a unguwannin talakawa. Rabinsu ma'aikatan lafiya mata, waɗanda ba likitoci ba, suka riƙa duba su da hannu bayan kowace shekara biyu. Da aka fitar da sakamako a 2021, bayan shekara 20, an tarar waɗanda ake dubawa ana gano cutarsu da wuri, kuma a cikin mata masu shekara 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A cikin waɗanda ba su kai 50 ba, an samu ganowa da wuri amma ba a ga raguwar mutuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, ga ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki, ta fi ƙarfafa a gano cutar da wuri a jikin masu alamu da kuma irin wannan duba, a kan a ce kowa ta je hoto.

Kuɗinsa kaɗan ne, galibi bai wuce na kati ba, kuma ana iya haɗa shi da zuwa awon hawan jini, ko kai yaro rigakafi. Yana ɗorewa saboda ba ya bukatar wutar lantarki ko tafiya birni. Rauninsa biyu ne. Hannu ba ya jin ƙullutu sai ya ɗan girma, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan ƙwarewar mai dubawa. Amma idan aka tuna da girman da ƙullutu ke kaiwa kafin matanmu su isa asibiti, gano shi tun yana ɗan mitsitsi a hannun ma'aikaciya babban ci gaba ne. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 burinsa ke nan: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 su gama maganinsu.

Duba kai a ɗaki

Kyauta ne, babu tafiya, babu kunya. Sai dai shi kaɗai ba a tabbatar yana rage mutuwa ba. A Shanghai ta ƙasar Sin an bi mata 266,064 masu aikin masaƙa, an koya wa rabinsu duba kai, kuma sakamakon 2002 bai nuna bambancin mutuwa ba, sai ƙarin yankan ƙullutun da ba sankara ba. Wannan ba ya nufin a daina. Mafi yawan sankarar mama a ƙasar nan mace ce ke fara jin ta da hannunta. Ki san yadda nononki yake, ki duba sau ɗaya a wata bayan kin yi wankan tsarki, wadda ta daina al'ada kuma ta ɗauki ranar tsayuwar wata. Amfaninsa yana ga abin da kika yi bayan kin ji canji.

Sikanin fa? Ya fi mamogiram samuwa da araha, ba shi da hasken ƙashi, kuma shi ake fara yi wa mai ciki da mai ƙuruciya idan an ji ƙullutu. Yana bambance ƙullutu mai ruwa da mai tauri. Amma abin bin diddigi ne, ba a ɗauke shi madadin mamogiram wajen awon lafiyayyun mata ba.

| Hanya | Ceton rai | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mamogiram duk shekara | Mafi yawa, da ɗan rata | Mafi tsada | Da wuya daga karkara | Sai birni | Yawan kiran banza |
| Mamogiram bayan shekara 2 | An tabbatar | Rabin na sama | Ana iya riƙewa da tanadi | Sai birni | Cuta ta taso a tsakani |
| Duban hannun ma'aikaciya | An gani a masu 50 zuwa sama | Kaɗan | Mai ɗorewa | Asibitin kusa | Ƙaramin ƙullutu ya kuɓuce |
| Duba kai | Shi kaɗai ba a tabbatar ba | Babu | Kullum | A ɗaki | A ji a yi shiru |

Wace ce ta dace da wa?

Da farko ki ƙiyasta shekarunki, tunda ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Wadda aka haifa a zamanin mulkin Shagari, 1979 zuwa 1983, ta wuce 40. Wadda aka haifa kafin Murtala ya hau mulki a 1975 ta kai 50.

Idan kina tsakanin 40 da 49, babu mai cutar a danginku, kuma birni na da nisa, ki sa duban hannu duk shekara ya zama ginshiƙi. In da hali, ki ƙara da mamogiram bayan shekara biyu. In babu, kada ki ci bashi saboda shi. Ki ajiye abin da kike da shi don ranar da za a ce a yi sikanin ko a ɗebi nama.

Idan kin kai 50 zuwa 69, a nan ne hujjar mamogiram ta fi ƙarfi, hoton kuma ya fi fitowa tas. In za a yi ƙoƙarin tafiya birni, waɗannan shekarun suka fi cancanta: hoto bayan shekara biyu, duban hannu a shekarar tsakiya. Wadda ba ta da halin hoton, duban hannu a wannan shekarun shi ne binciken Mumbai ya nuna yana ceton rai. Ki tsara tafiyar da kaka, an yi girbi, an sayar da riɗi ko wake, hanya ta bushe. Oktoba kuma shi ne watan wayar da kai kan sankarar mama, lokacin da ƙungiyoyi da asibitoci kan shirya awo kyauta ko da rangwame, don haka a saurari rediyo. Kafin a hau mota a sa wani ya tambayi farashi, ya kuma tabbatar na'urar tana aiki. Mai rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano ko ta Jigawa ta tambayi abin da katinta ya ɗauke mata.

Idan mahaifiyarki, ko 'yar'uwarki ciki ɗaya, ko 'yarki ta taɓa yin sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa, musamman kafin ta kai 50, ke ce hoton duk shekara ya dace da ke, kuma likitoci kan ce a fara shekara 10 kafin shekarun da aka gano tata. Dangin uba ma suna cikin lissafi, goggo da kakar wajen uba. Ki nemi ganin likita a babban asibiti, kamar na Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ya tsara miki naki jadawalin.

Idan kina da ciki ko goyo, kamar yadda mata da yawa a nan suke har bayan 40, awon hoto na iya jira in ba kya jin komai, duban hannu kuwa ba ya jira. Shayarwa tana rage haɗarin cutar, kimanin kashi 4 cikin 100 a kan kowace shekara ɗaya ta shayarwa, amma ba ta kawar da shi. Ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, kada a ce daskarewar nono ce a ci gaba da gashi da ruwan ɗumi.

Ga wadda ta ji ƙullutu kuwa, mafi yawansu idan an gwada ba sankara ba ne, amma ba a sanin haka da ido ko da hannu. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura sai ya bazu. Allurar gwaji ba ita ke yaɗa cutar ba. Watannin da ake ɓatawa ana tsaga da shafe-shafe su ne ke ba ta dama. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti a makon. Maigida, izini da kuɗin mota a wannan gaɓar suna hannunka, kada ka ce a bari sai bayan sallah.

Duk wadda ta yi hoto ta karɓi takardar sakamako ta nemi lambar da ke gaban kalmar BI-RADS. Lamba 1 ko 2 na nufin a dawo a lokacin da aka saba, 3 a dawo bayan wata 6, 0 ana bukatar ƙarin hoto, 4 ko 5 kuma a ɗebi nama a gwada ba tare da jinkiri ba. Ki adana hoton da takardar a leda inda ruwa da gara ba za su kai ba, ki tafi da su a zuwa na gaba, domin likita da tsohon hoton yake gwada sabon.